Idan An Kwashe Arziki, Wa Zai Gaji Ramin?



Duk sanda aka tayar da zancen ma'adinai a Zamfara, hirar kusan iri ɗaya ce: nawa ake sayen giram ɗin zinare yau, wa ya dace, wa ya sayi sabon babur. Da wuya ka ji wani ya tambayi abin da zai faru da wurin idan zinaren ya ƙare, lebura ya ɗauki shebur ɗinsa ya yi gaba, dila ya koma birni. A kan wannan tambayar nake so mu ɗan zauna. Ina ajin ƙarshe na difloma, kuma wannan batu shi na fi ba wa lokaci tun da muka fara shirin furojet. Abin da na fahimta a taƙaice shi ne: ranar da aka daina haƙa, ranar ce ake fara biyan bashin haƙar. Idan ba a tanadi kuɗi da tsari da ma'aikatan wannan rana tun farko ba, to yaran ƙauye da manoma ne za su biya, da lafiyarsu da gonakinsu.

Me ya haɗa mu da kwal?

Wani zai ce, to mu da ba a haƙar kwal a jiharmu, ina ruwanmu da garuruwan kwal? Dalilai biyu ne. Na farko, kwal shi ne ma'adinin da aka fi daɗewa ana haƙa da yawa a duniyar masana'antu, don haka garuruwansa ne suka riga kowa ganin abin da ke biyo bayan rufe mahaƙa. Sun yi kuskure, sun yi gyara, an kuma rubuta duka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Na biyu, kwal ya taɓa rayuwarmu kai tsaye. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau har Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, jiragensa da kwal suke tafiya. Gyaɗa da audugar kakanninmu, kwal ɗin Enugu ne ya ja su zuwa kudu.

A 1909 aka gano kwal a yankin Udi, aka fara haƙa sosai wajen 1916, shekarar da layin dogo ya haɗa Enugu da Fatakwal. Kwal ɗin ne ya kafa birnin Enugu, shi ya sa har yau ake masa laƙabi da Birnin Kwal. A mahaƙar Iva Valley ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 ranar 18 ga Nuwamba, 1949, saboda rikicin albashi. A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Najeriya, kuma a ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya doshi tan miliyan ɗaya a shekara. Daga nan sai koma-baya. Jiragen ƙasa suka koma amfani da dizal, aka samu man fetur, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki, ruwa ya cika ramuka. Kafin farkon shekarun 2000 aikin ya tsaya kusan gaba ɗaya. Kwal bai ƙare a ƙasa ba, masu saye ne suka watse. Wannan ma darasi ne: ba sai ma'adini ya ƙare ake rufe mahaƙa ba, kasuwa kaɗai ta isa ta rufe ta.

Kuma ba a Kudu kaɗai abin yake ba. Akwai mahaƙar kwal ta Maiganga a Jihar Gombe, wadda ke ciyar da kamfanin siminti na Ashaka, akwai ta Anou Araren kusa da Agadas a Jamhuriyar Nijar, wadda ake samar da lantarki da ita. Su ma wata rana za su tsaya, a yi musu tambayar da muke yi yanzu.

Gado iri huɗu

Idan ka duba tsoffin yankunan kwal, ko a ina suke, za ka ga gado iri huɗu suke bari. Ku riƙe su da kyau, don su ne za mu auna namu da su.

Na ɗaya, gadon ƙasa. Idan aka rarake ƙarƙashin ƙasa aka bar ta hoƙo, sannu a hankali sai samanta ya riƙa nutsewa. Gini ya tsage, hanya ta lotsa, rijiya ta ƙafe ko ta rufta. A yankin Ruhr na Jamus akwai wuraren da ƙasa ta nutse fiye da mita 20. A mahaƙar da ake buɗewa daga sama kuwa, rami ne ake bari, damina ta cika shi.

Na biyu, gadon ruwa. A jikin kwal da duwatsun da ke kewaye da shi sau da yawa akwai wani dutse mai ƙyalli kamar zinare, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne ba ya komai. Da zarar an tono shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya haifar da asid. Ruwan asid ɗin nan ya narkar da ƙarafan da ke cikin duwatsu, ya kwaso su ya fito da su rafi. Alamarsa ita ce ruwa ya koma ja-ja kamar tsatsa. Ana ganin haka a ruwan da ke fitowa daga tsohuwar mahaƙar Onyeama yana shiga kogin Ekulu a Enugu. Abin tsoron shi ne ba ya tsayawa don an rufe mahaƙa. Yakan ɗauki gomman shekaru yana tsiyaya.

Na uku, gadon tsibi da ƙura. Abin da ake nema a cikin ƙasa kaɗan ne, abin da ake zubarwa shi ne mai yawa. Ranar 21 ga Oktoba, 1966, a ƙauyen Aberfan na yankin Wales a Birtaniya, tsibin sharar kwal da ruwa ya jiƙa ya zaftaro kan makarantar firamare. Mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara. A Jharia ta ƙasar Indiya kuwa, wutar da ta kama kwal a ƙarƙashin ƙasa tun 1916 har yanzu tana ci.

Na huɗu, gadon jama'a, wanda aka fi mantawa da shi. Garin da kowa ya dogara da sana'a ɗaya, idan sana'ar ta mutu, sai kasuwa ta mutu, matasa su watse, waɗanda suka rage kuma ba su iya komai ba sai haƙa. Mu 'yan Gusau ba baƙi ba ne ga wannan. Ku tambayi iyayenmu yadda garin ya kasance bayan masaƙa ta daina aiki.

Yadda wasu suka ɗauki nauyin

Jamus ta rufe mahaƙarta ta ƙarshe ta baƙin kwal, Prosper-Haniel da ke garin Bottrop, a Disamban 2018. Abin lura shi ne ba su jira ranar ba. Tun 2007, shekara goma sha ɗaya kafin rufewa, aka kafa wata gidauniya mai suna RAG-Stiftung, aka zuba mata kadarori, aikinta kawai biyan abin da suka kira ayyukan har abada. Wato janye ruwa daga tsoffin ramuka don kada ya gauraya da ruwan sha, da janye ruwa daga unguwannin da suka nutse don kada su zama tafki. Injinan nan ba ranar kashe su, kuma kuɗin da suke ci a shekara ya haura Yuro miliyan 200. A ɓangaren jama'a kuma, tun 1965 aka buɗe jami'a a Bochum, a tsakiyar garuruwan leburori, don ɗan mai haƙa ya samu wata hanyar. Tsohuwar mahaƙar Zollverein da ke Essen ba a rushe ta ba, an mayar da ita wurin tarihi, har UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

Na san za ku ce ai wannan Jamus ce, masu kuɗi. Gaskiya ne. Amma ba yawan kuɗin nake so mu ɗauka ba, tsarin nake so mu gani: an san wanda ke da alhaki, an ware kuɗi tun ana samun riba, an ajiye taswirar kowane rami, an kuma shirya wa mutane wata sana'a kafin tsohuwar ta mutu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwatanta da Jos, inda aka kwashe shekaru ana haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20, kamfanoni suka tafi suka bar ɗaruruwan tafkuna da tsibin ƙasa. Kaɗan daga ciki an mayar da su wurin shaƙatawa ko noman rani, amma da yawa suna nan yadda aka bar su.

Namu gadon: 2010

Yanzu mu dawo gida. Namu ba kwal ba ne, zinare ne, kuma bai ma jira an rufe mahaƙa ba kafin ya nuna kansa.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan cutar sanƙarau suka lura yara na ta mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Da aka gwada jini sai aka gano gubar dalma ce.

Yaya aka yi? A lokacin farashin zinare ya tashi a duniya, oza ɗaya ta haura dala 1,000. Mutane suka koma fasa dutse. Dutsen da ke ɗauke da zinaren a wasu ramuka yana cike da dalma. Ana kawo shi cikin gari a buhu, a daddaka, a niƙa a injin irin na niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Mata na daka a turmi, yara na rarrafe a gefe. Ƙurar ta zauna a ƙasa, a tabarma, a kan hatsi, a bakin rijiya. Yaro ƙarami kuwa komai baki yake kaiwa, kuma hanjinsa ya fi na babba saurin tsotse dalma.

Ga alƙaluman da ya kamata kowane ɗalibin jihar nan ya sani. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin lafiya na Najeriya a ƙauyuka biyu a tsakiyar 2010 ya nuna cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Cikin waɗanda aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 suna da dalma maikurogiram 45 ko fiye a kowane kashi ɗaya cikin goma na litar jini, wato matakin da ake fara ba da maganin fitar da guba. A lokacin, 10 kacal ake ɗauka a matsayin abin damuwa, yanzu ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 5 a fara bincike. Jimillar yaran da aka ƙiyasta sun rasu a annobar ta kai 400, dubbai kuma suka kamu.

Ita ƙasar fa? Ma'aunin da aka yi amfani da shi na wurin da yara ke wasa shi ne miligiram 400 na dalma a kilo ɗaya na ƙasa. A wasu wuraren sarrafa dutse an samu fiye da 100,000. Don ku gane: wannan kashi 10 cikin 100 ne, wato a buhu mai kilo 50, kilo 5 dalma ce zalla.

Kada mu manta, dalma ba ta ruɓewa. Ba kamar shara ba ce da za ta zama taki. Inda ta faɗi nan take zama, sai dai ruwa ko iska su matsar da ita gaba. Kuma yaron da ya tsira da ransa, ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwarsa magani ba ya mayar da ita. Yaran 2010 sa'o'in ƙannenmu ne, wasu ma sa'o'inmu.

Yadda aka share, da ɗan lissafi

Likitoci suka ce ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi gidan da ya kwashi gubar. Sai an share gida tukuna. Kamfanin injiniyoyin muhalli na TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha da sarakuna da mutanen gari, suka fara da Dareta da 'Yargalma a Yunin 2010. Daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2011 aka yi Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza.

Hanyar ba wata mai wuyar fahimta ba ce. A auna ƙasa da wata na'urar hannu mai suna XRF, wadda ke nuna yawan dalma nan take. A zana taswirar gida. A kankare saman ƙasa kamar santimita 5, ko fiye idan gubar ta nutsa. A zuba a buhuna, a kai ramin binnewa da aka tanada nesa da gari. A sake aunawa. A kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. A wanke ɗakuna da kayan gida.

Bari mu yi lissafin aji. A ce gida yana da tsawon mita 20 da faɗin mita 20, murabba'in mita 400 ke nan. Idan ka kankare santimita 5, wato mita 0.05, za ka samu kubik mita 20. Idan tifa na ɗaukar kubik mita 5, lodi huɗu za a fitar, a kuma shigo da huɗu. Ƙauye mai gida 100 zai ci lodi 800, ban da lunguna, kasuwa, kududdufai da filin niƙa. Duk wannan saboda dutsen da aka shigo da shi a kan babur, buhu-buhu. Shigo da guba araha ne, fitar da ita ce tsada.

Bagega, wadda ta fi sauran girma, ita ta fi shan jira. Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawarin kuɗi a 2012, ba a sake su ba sai Janairun 2013, bayan matsin lamba daga MSF da Human Rights Watch da wasu matasan Najeriya ƙarƙashin Follow The Money, waɗanda Hamzat Lawal ya jagoranta suka cika intanet da kiran a ceci Bagega. Ku lura, matasa ne kamar mu. Sai bayan an fara share garin a 2013 yaran suka fara samun magani. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. A 2022 MSF ta miƙa aikin na Zamfara ga hukumomin jiha.

Idan ka sa wannan kusa da na Jamus, bambancin a fili yake. Can an tara kuɗin kafin a rufe. Nan sai da aka binne yara aka fara neman wanda zai biya. Masu sayen zinaren kuwa ba wanda ya ga ƙeyarsu. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Gusau, Tsafe, Bungudu

Wani zai ce ai wannan matsalar Anka da Bukkuyum ce. Ni ban yarda ba, ga dalilaina.

Na farko, dutse yana tafiya. Inda aka haƙo shi daban, inda ake niƙa shi daban. Duk inda aka kafa injin niƙan dutse, to an kawo mahaƙa wurin, ko da ba rami ko ɗaya. Haramcin haƙar ma'adinai da Gwamnatin Tarayya ta sa wa Zamfara a Afrilun 2019 saboda matsalar tsaro, a Disamban 2024 aka ɗage shi, kuma cikin 2025 aka sake jin rahoton gubar dalma, wannan karon daga Ƙaramar Hukumar Bungudu. Hana haƙa a takarda bai kwashe ƙurar da ke ƙasa ba.

Na biyu, ruwa yana tafiya. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya wuce ta Bungudu, ya zuba a madatsar Bakolori inda ake noman rani. Abin da aka wanke a sama, na ƙasa ne zai sha. Ban da dalma, akwai zaiba da ake kama zinare da ita, a ƙona ta ta tashi a iska, sauran ta bi ruwa ta taru a jikin kifi. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da ita.

Na uku, ba zinare kaɗai ke barin rami ba. Duk wanda ke bin hanyar Tsafe zuwa Gusau ta Kwatarkwashi, ko ta Gusau zuwa Bungudu, ya san ramukan da aka ɗebi jar ƙasa don aikin titi, da wuraren fasa dutse, da inda ake ɗibar yashi, da kududdufan da aka yi bulo. Da rani ba ka ɗauke su komai ba. Da damina su ne gidan sauro, su ne inda yara ke zuwa iyo ba a san zurfinsu ba, su ne mafarin zaizayar da ke cin gona. Wannan shi ne gadon ƙasa da na ambata, sai dai a ƙaramin sikeli.

Na huɗu, gadon jama'a. Jihar da ke alfahari da noma, idan saurayi ya bar gona shekara biyar yana rami, gonar kuma an rarake ta an juye jar ƙasa a kan baƙa, ranar da zinare ya yanke ina zai koma? Matashi mai ƙarfi, ba gona, ba sana'a, ba karatu, a irin yanayin tsaron da muke ciki, ba sai na faɗa muku haɗarin ba.

Me doka ta ce?

Tsarin Mulki na 1999 ya sa duk ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, ita ke ba da lasisi. Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya gabatar da rahoton tasirin aikinsa ga muhalli, ya rubuta shirin gyara wurin bayan ya gama, ya riƙa zuba kuɗi a asusun gyaran muhalli, ya kuma ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen da ke wurin kafin ya fara aiki. Ta kuma tanadi kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha. A takarda dai abin ya yi kama da na Jamus.

Inda gizo ke saƙa shi ne mafi yawan masu haƙa a wajenmu ba su da lasisi. Wanda ba shi da rajista, wa zai bi shi bashin cike rami? Shi ya sa nake ganin kora da kame kaɗai ba za su wadatar ba. Idan aka kori mai haƙa, ɓoyewa zai yi, ya mayar da niƙan cikin gida, wanda shi ne ainihin abin da ya kashe yara. Gara a haɗa su ƙungiya-ƙungiya, a yi musu rajista, a san ramin kowa, a ɗora wani ɗan kaso a kan mai saye don asusun gyara.

Matakai biyar, da inda muka shigo

Idan na tattara abin da garuruwan kwal da ƙauyukanmu suka koyar, matakai biyar ne.

Ɗaya, a ƙirga a zana. Ba a gyara abin da ba a san inda yake ba. Kowane rami da kowane wurin niƙa a san wurinsa, zurfinsa, da nisansa da gida ko rijiya. Wannan aikin 'yan safiyo da tsara birane ne, kuma da GPS na waya ma ana iya farawa.

Biyu, a auna. Ƙasa, ruwan rijiya, hatsi. 'Yan kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, naku ne.

Uku, a jera bisa haɗari. Kuɗi ba za su isa duka ba, don haka a fara da inda yara ke wasa da inda ake shan ruwa.

Huɗu, a gyara, a kuma toshe mafari. A cike rami, a fara zuba duwatsu da jar ƙasa, a ɗora baƙar ƙasa a sama, a dasa itatuwa. Ramin da ba zai cikuwa ba a kwantar da gaɓarsa, a kewaye shi. Ruwan asid ana kashe kaifinsa da farar ƙasa. Niƙa a yi shi nesa da gari, kuma da ruwa, don ƙura ba ta tashi daga jiƙaƙƙen dutse. Mai aiki ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida. Nan 'yan injiniya da 'yan fasahar noma ke da ta cewa.

Biyar, a ci gaba da sa ido, a kuma ajiye lissafi. Ƙauyen da aka share zai iya sake gurɓata idan aka dawo da niƙa. Kuɗin gyara kuma suna buƙatar mai bin sawunsu. 'Yan akanta, 'yan mulki da 'yan aikin jarida, kada ku ce ba ruwanku.

Shawarata ga masu neman taken furojet: maimakon a kwafo wanda aka yi shekara goma da ta wuce a sauya suna, me zai hana mutum uku su haɗu su zana taswirar ramukan unguwa ɗaya a Gusau? Ko su auna ruwan rijiyoyi goma a Bungudu? Amma a yi da hankali. A nemi izinin malami da na mai unguwa, kada a shiga rami, kada a je inda tsaro bai inganta ba, a sa takunkumi da safar hannu wajen ɗibar samfur, kada kuma a kai shi ɗakin kwana.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar maki. Idan mun je hutu, mu faɗa a gida: kada a shigo da dutsen haƙa cikin gida, kada a niƙa hatsi a injin da ya niƙa dutse, kada a zuba abinci a buhun da ya ɗauko shi, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Yaron da ke jijjiga a yankin da ake niƙan dutse, a gaya wa likita sana'ar gidan, don ya san abin da zai gwada. A yi hattara da tozalin da ba a san asalinsa ba, musamman a idon jarirai, domin wani daga dutsen dalma ake yin sa.

Ban ce a daina haƙa ba. Arziki ne Allah Ya ajiye mana, kuma wanda yunwa ta kora rami ba zai saurari lakca ba. Abin da nake cewa shi ne duk wanda zai buɗe rami, a tambaye shi tun ranar farko: wa zai rufe, da wane kuɗi, mutanen wurin kuma me za su ci bayan nan? Enugu da Jos ba su yi wannan tambayar da wuri ba. Mu muna da sauran dama, kuma difilomar da muke wahala a kanta tana cikin amsar.

Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya ba jiharmu zaman lafiya, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.